Kafin Ka Ɗauki Jan Biro: Yadda Za Ka Ƙarfafa Wa Yaro Gwiwa a Kan Rubutu

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka ba mu aikin insha'i a kan ranar kasuwar garinmu. Shafi ɗaya aka nema, ni kuwa na cika huɗu, domin na sa mai tallar maganin gargajiya da lasifikarsa, na sa rigimar dillalan awaki, har da tsohuwar nan mai daddawa da ba ta yarda a taɓa mata kaya. Da malami ya dawo mana da littattafai, nawa ya koma ja kamar an yanka kaza a kansa. Duk inda na manta ƙugiya an zagaye. A ƙasa kuma an rubuta, “Surutu ya yi yawa.” Bai tsaya nan ba, sai da ya karanta layin farko a gaban aji da wata irin murya, aka bushe da dariya. Daga ranar ban sake rubuta abin da ba a tilasta mini ba sai bayan na bar makarantar.

Duk gyaran da ya yi daidai ne, na manta ƙugiyoyin. Abin da bai yi ba shi ne karanta labarin. Wannan jagora kuwa a kan haka take: yaron da ya fara rubutu, abin da ya fi buƙata shi ne babba guda ɗaya da zai karanta abin da ya rubuta da gaske. Uwa ce ko uba, kawu ne ko gwaggo, malamin aji ne ko yaya, matakan iri ɗaya ne.

Mataki na farko: gane shi, amma kada ka yi masa kutse

Yaro ba ya zuwa ya ce zai zama marubuci. Sai dai ka ga alamu. Bayan littafin lissafinsa cike da wasu 'yan rubuce-rubuce. In ana tatsuniya ba ya yarda a ce ƙurunƙus, sai ya tambayi abin da ya faru da Ƙoƙi bayan Gizo ya gudu. In an aike shi kasuwa ya dawo, labarin hanya ya fi saƙon tsawo, kuma har muryar mutane yake kwaikwaya. A gidaje da yawa irin wannan yaro shi ake kira sarkin zance ko mai ƙarin gishiri, alhali kuwa kayan aikin marubuci ne ke hannunsa.

In ka tsinci littafinsa a ƙarƙashin katifa, mayar da shi inda ka gan shi. Wannan ya fi muhimmanci ga 'yan mata masu tasowa, waɗanda sau da yawa littafin nan shi kaɗai ne wurin da ba mai sa musu ido. Nemi izini da baki: “Na ga kina yawan rubutu. Duk ranar da kika so a saurara, ga ni.” Daga nan ka yi shiru. Wata za ta zo gobe, wata sai bayan wata biyu. Wanda aka karanta masa asiri ba da saninsa ba, ko yabo aka yi masa, ɓoyewa zai ƙara yi.

Mataki na biyu: zaman farko

A nan ake gina komai, a nan kuma ake rusa komai, don haka zan daɗe a kansa.

'Yar ƙanwata tana da shekara 12 lokacin da ta kawo mini nata. Bayan sallar isha'i ne, ina zaune a kan tabarma a tsakar gida. Ta tsaya daga gefe, littafin a bayanta, tana murza bakin hijabi.

“Kawu, in na nuna maka wani abu ba za ka gaya wa Umma ba?”

Na ce, “In ba abin cutarwa ba ne, tsakaninmu zai tsaya. Zauna.”

Ta miƙo littafin. Ban karɓa ba. Na ce ita ta karanta mini da bakinta. Dalilina biyu ne. Na ɗaya, in ka karɓa idonka zai fara sauka a kan kurakurai, kuma fuskarka za ta nuna, yaro kuwa fuska yake karantawa kafin magana. Na biyu, mai karanta abinsa da baki da kansa yake jin inda jimla ta yi tuntuɓe, ba sai an nuna masa ba. Sau uku ta tsaya ta ce, “Au, nan na tsallake kalma,” ta gyara da kanta.

Labarin wata yarinya ne mai tallar gyaɗa da kuɗin cinikinta ya ɓata, tana tsoron komawa gida. Shafi biyu da rabi. Akwai kurakurai ba iyaka, ƙarshen kuma an yi shi cikin gaggawa. Amma a tsakiya ta rubuta cewa yarinyar ta zauna a bakin kwata tana ƙirga ƙullin gyaɗar da suka rage sau uku, ko Allah zai sa lissafin ya canza. Wannan layi, babban marubuci ma zai yi farin ciki da shi.

Ga abin da za ka kiyaye a wannan zama. Kife wayarka, ko ka bar ta a ɗaki. Kada biro ya kasance a hannunka. Kada ka katse shi, ko da ya karanta kalma ba daidai ba. In wurin dariya ne ka yi dariya, in wurin tausayi ne ka bari ya gani a fuskarka. Kada ka kira kowa ya zo ya ji, ko da daɗi ya kama ka. In ya gama, ka ɗan yi jim kafin ka yi magana, don ya san tunani kake yi, ba amsar da ka riga ka tanada za ka ba shi ba. Zaman nan ba ya wuce minti 15, amma yaro yakan riƙe shi har ya yi furfura.

Mataki na uku: yabo mai kama suna

“Kai, ka iya!” da “Masha Allah, ka yi ƙoƙari” kalmomi ne masu daɗi, amma ba sa koya wa yaro komai game da rubutunsa. Abin da yake fahimta daga gare su shi ne kana ƙaunarsa, kuma wannan ya riga ya sani. Yaro mai wayo ma yakan gane cewa ko me ya kawo haka za a ce masa.

Ɗauko abu guda daga cikin rubutun, ka maimaita masa shi da kalmominsa, ka faɗi abin da ya yi maka. Ni ce mata na yi, “Wurin da take ƙirga gyaɗa sau uku, sai da gabana ya faɗi. Ba ki ce tana jin tsoro ba, amma na ji tsoron.” Ta ɗago kai ta dube ni, karo na farko tun da ta zauna. Irin wannan yabo shaida ce cewa ka saurara, kuma yana nuna wa yaro abin da zai sake yi gobe. Ita ba ta san ta yi wata dabara ba sai da aka nuna mata.

Akwai kuma bambanci tsakanin yabon baiwa da yabon aiki. A shekarar 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yaran firamare. An ba yaran aiki, aka yabi wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun dage. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa basira sun fi saurin karaya, sun kuma fi son a ba su mai sauƙi don kada sunansu ya ɓaci. Waɗanda aka yaba wa dagewa sun fi jurewa. Haka abin yake a rubutu. In ka ce wa yaro shi haziƙi ne daga haihuwa, ranar da labari ya ƙi fitowa sai ya ɗauka baiwar ta gudu. In ka ce masa, “Na ga ka sake rubuta farkon nan sau biyu, na biyun ya fi kama hankali,” ka ba shi abin da ke hannunsa kullum.

Kada kuma ka yi ƙarya. In ba ka sami abin yabo ba, sake saurara. Ban taɓa ganin rubutun yaro da babu ko kalma ɗaya mai rai a cikinsa ba.

Mataki na huɗu: tambaya a madadin hukunci

Inda labari ya yi rauni, tambaya ta fi gyara aiki. Maimakon in ce mata ƙarshen ya yi gaggawa, sai na ce, “To da ta isa ƙofar gida, wa ta fara gani? Me ya ce mata?” Ta ce ba ta sani ba tukuna. Na ce ina so in sani. Bayan kwana biyu ta dawo da ƙarin shafi.

Tambayoyin da ke buɗe wa yaro hanya su ne irin su: me ake ji a wurin, ƙarar me, ƙamshin me? Wannan mutumin me yake so? Me zai faru in bai samu ba? Wace magana ce za ta fito daga bakin kakarka a irin wannan hali? Ka kiyayi ba shi amsa. Da zarar ka ce “da ni ne da kaza zan yi,” labarin ya zama naka, shi kuma ya koma magatakarda.

Mataki na biyar: gyara, amma a ranarta

Ba cewa nake a bar yaro cikin kuskure ba. Ƙa'idojin rubutun Hausa abin koyo ne dole, kuma wanda aka bari bai koya ba, a gaba za a yi masa dariyar da ta fi ta aji ciwo. Maganar ita ce lokaci da awo. Hausawa sun ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke.

Kada gyara ta zo a zama ɗaya da karatun farko. Bari sai ya kawo rubutu na uku ko na huɗu, ya tabbata kana tare da shi. Sannan ka tambaye shi, “Kana so mu duba ƙa'ida a wannan?” Yi amfani da fensir, a gefen shafi, ba a kan kalmominsa ba. Ɗauki matsala ɗaya tak a kowane zama.

Ni da ƙugiya nake farawa, domin tana da daɗin koyarwa. Rubuta masa “baki” da “baƙi”, “kafa” da “ƙafa”, “dari” da “ɗari”, “bari” da “ɓari”, ka sa ya ƙirƙiro jimla da kowace. Da kansa zai ga cewa 'yar ƙugiyar nan ma'ana take canzawa. In ta zauna, a koma kan haɗewa da rabewar kalmomi, wadda ita ce ta fi addabar masu rubutu a waya a yau: “yana” a haɗe take, “da shi” a rabe, “ya ce” a rabe. Bayan nan alamomin zance da sakin layi. A kowane zama gyara layi biyu ko uku tare da shi, ka bar masa sauran ya nemo da kansa.

Wani abu da nake so malamai su kula da shi shi ne karin harshe. Yaron Sakkwato ko Katsina ko Damagaram zai rubuta yadda ake magana a gidansu. Daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da Kananci, kuma ita jarrabawa ke nema, wannan gaskiya ne. Amma kada a ce masa Hausarsa ba daidai ba ce, domin harshen uwarsa ake aibatawa. A nuna masa cewa mai ba da labari zai yi amfani da daidaitacciya, mutanen cikin labari kuwa su yi maganar garinsu. Sau da yawa a nan ne ma rubutun ke yin armashi. Haka nan yaron da ya yi karatu a Nijar zai iya rubuta “ƴa” inda ɗan Nijeriya zai rubuta “'ya”. Bambancin tsarin ƙasashen biyu ne, ba kuskure ba.

Mataki na shida: littafi, lokaci da abin karantawa

Sayo masa littafin rubutu mai kauri wanda ba na makaranta ba, ka rubuta sunansa a bango da hannunka. Sa shi ya riƙa sa kwanan wata a kan duk abin da ya rubuta, kada kuma ya yage shafi ko da bai so shi ba. Bayan wata shida ku buɗe shafin farko tare. Ganin nisan da ya yi da idonsa ya fi duk wani yabo da za ka yi masa.

Lokaci kuma sai an yanka masa. Yarinyar da ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya, ta dawo ta tarar da wanke-wanke da raino, yaushe za ta rubuta? Minti 20 sau uku a mako ya isa, in dai an san a wannan lokacin ba a aikenta. Wannan magana da uwa ake yin ta, cikin girmamawa, domin ita ta san nauyin gidan.

Sai karatu, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Littattafan Hausa da suka dace da shekarunsa, jarida, labaran annabawa, waƙoƙin wa'azi, duk abinci ne. Kada kuma a raina kaka. Yaron da ya zauna wurin tsohuwa yana jin karin magana da kirari da tatsuniya ya sami makarantar da ba a biya mata kuɗi. Ba shi aikin rubuta tatsuniya ɗaya daga bakinta, sannan ya karanta mata ta gyara masa.

Mataki na bakwai: faɗaɗa masu sauraro a hankali

Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan hikima. Almajiri ba ya jiran sai ya sauke kafin a nuna an ga ƙoƙarinsa. In ya kai wasu surori akan yi sadaka, in ya sauke a yi masa zayyana a allo, a tara mutane ya karanta a gabansu. Mataki-mataki ake fito da shi. Haka za a yi wa mai rubutu.

Daga kai kaɗai, sai mutum biyu ko uku na gida da shi ya zaɓa. Ka ja kunnen yayye tun kafin a zauna, domin tsokanar wa ko ya tana iya kashe abin da ka yi wata uku kana ginawa. Daga gida sai aji. Malami zai iya ware minti 10 ranar Juma'a ɗalibi ɗaya ya karanta, da sharaɗin duk mai magana sai ya fara faɗin abin da ya burge shi. Ana iya manna rubuce-rubucen a allon sanarwa. In ya ƙara girma, a raka shi zaman marubuta. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, reshen Kano kuwa ya daɗe yana zaman karatu inda ake sauraren sababbin marubuta. Zuwan farko ya je ya saurara kawai.

Intanet ita ce ta ƙarshe. Ƙungiyoyin WhatsApp da Facebook da Wattpad, dandalin da ake saka labarai a intanet, sun fito da marubutan Hausa da yawa, musamman mata, amma wuri ne da baƙon da bai san yaro ba zai iya yi masa zagin da zai hana shi barci, ko yabon da ke da wata manufa a bayansa. Ƙaramin yaro kada ya shiga sai da idon babba.

Gasa ma tana da amfani in lokacinta ya yi. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin waɗanda suka shiga har da wani matashin malami a Makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, yana da shekara 22 kacal. Abin lura shi ne East bai tsaya a kan ba shi kyauta ba. Ya buga littafin da Imam ya shiga gasar da shi, daga baya ya jawo shi Zariya ya ba shi wani aikin rubutun, a 1939 kuma da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. Kyauta rana ɗaya ce, abin da ya gina shi shi ne an ci gaba da neman rubutunsa. A zamaninmu akwai irin gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta. A duba sharuɗɗan kowace gasa, a kuma gaya wa yaro tun kafin ya aika cewa kammala labari da aikawa shi ne abin da za a yi wa murna a gida, ko an ci ko ba a ci ba.

In abu ya karkace

Zai kwaikwayi wani, wannan babu makawa. Za ka ga salon littafin da ya gama karantawa, ko labarin fim ɗin da aka kalla jiya. Kada ka kira shi ɓarawo, da koyi ake fara kowace sana'a. Ce masa, “Wannan na san inda ka samo shi. Yanzu kawo labarin unguwarmu, da mutanen da ka sani.” Amma ka bayyana masa sarai cewa kwafe rubutun wani a sa suna a kai haramun ne a wannan sana'a.

Wata rana kuma za ka ga ya rubuta abin da ya tayar maka da hankali, soyayya, ko faɗa, ko mutuwa. Iyaye da yawa a nan suke yaga littafi. Wanda aka yaga wa littafi ba ya daina tunanin, daina nuna maka kawai yake yi. Zauna ka tambaye shi daga ina labarin ya fito. Wani lokaci abin da ya gani ne a waya, sai a yi masa tarbiyya a kai cikin natsuwa. Wani lokaci kuwa damuwa ce ta gaske da ya kasa faɗa da baki, rubutun ne ya kawo maka ita.

In ya daina rubutu na wani lokaci, kada ka matsa. Tambaya ɗaya ta isa: “Ina labarin yarinyar nan mai gyaɗa? Ina ta tunaninta.”

Mataki na ƙarshe: ja da baya

Alamar gwiwa ta yi ƙarfi ita ce ranar da ya ƙi shawararka da hujja. In ta zo, kada ka ji an raina ka, kada kuma ka nace. Tambayi dalilinsa, in ya faɗa ka bar masa. Daga nan rage yawan zaman, ka haɗa shi da wanda ya fi ka sanin fannin, ka koma mai karatu kawai.

Tawa ranar ta zo ne 'yar ƙanwata tana da shekara 15. Ta kawo wani labari da ya ƙare uwa da 'ya ba su shirya ba, na ce ko za ta sa su yafe wa juna a ƙarshe. Ta rufe littafin ta ɗora a cinya.

“A'a Kawu. In suka shirya a nan ƙarya na yi. Uwar ba ta gane laifinta ba tukuna.”

Na ce to yaushe za ta gane. Ta ce sai a kashi na biyu, kuma ba za ta nuna mini ba sai ta gama.